Je Ka Ɗauko Takalminka

Ina tsaye a tsakar gidan Inna Asabe na ga Sadiq, ɗan ƙanwata Rabi, ya ɗebo ruwa ya miƙa wa wata yarinya da hannu biyu. Wallahi sai da na sake dubawa. Sadiq fa! Ɗan shekara huɗun da ya gama cizon yaran layinmu.

Rabi tana aiki a kamfanin tabarmar roba a Sharada, Inna ce ke riƙe mata shi tare da 'ya'yan wasu ma'aikata.

Na ce, "Inna, rubutu kuka ba shi ne?"

Ta yi dariya. "Ba rubutu, ba bulala. Uwarsa na gyara. Kullum sai ta ce masa je ka ɗauko takalminka mu tafi, yana shiga ɗaki ta sulale. Yaron da uwarsa ta yaudara da sassafe, da wa zai yarda har yamma? Na ce ta durƙusa ta gaya masa gaskiya: aiki zan tafi, in ka ji jiniyar tashi ina hanya."

Muna cikin magana jiniyar kamfani ta kaɗa. Sadiq ya sa takalminsa da kansa, ya zauna a dakali yana kallon hanya, ko ƙwalla babu. Can sai ga Rabi.

Tsigar jikina ta tashi. Ashe abin da muke kira ƙiriniya tsoro ne.

Ku faɗi gaskiya, mu nawa aka taɓa aika ɗauko takalmi?