Ramar Damtse

A gidan burodin da ke bayan tasha babu mai kiransa da sunan yanka. Damtse kowa ke ce masa, har matarsa in ta so tsokana. Tun yana saurayi yake kwaɓa fulawa da hannu: ya tsaya kan ƙaton kwamin katako, ya nutsa hannuwa har gwiwar hannu, ya juya, ya naɗe, ya buga, gumi na bin bayansa. Ci kuwa ba a magana. Masu kwaɓi duk ƙullun da suka gama sai sun ci burodi mai zafi da shayi a tsaye, shi kuma kasonsa na mutum uku ne. Matarsa kan ce ita ba miji ta aura ba, rami ta aura.

Ana nan sai mai gidan burodin ya sayo injin kwaɓi.

"Damtse, ka sha wuya, yanzu lokacin hutunka ne," in ji shi. "Ga kujera. Ka danna nan, ka sa ido, shi ke nan aikinka."

Abokan aiki suka yi ta yi masa tsiya, wai kafin shekara ta zagayo sai an faɗaɗa ƙofa saboda tumbinsa. Ya yi dariya, ya zauna yana jiran tumbi.

Tumbi bai zo ba. Agogonsa ne ya fara zamewa yana gangarowa kan bayan hannu. Daga nan ya ɗauki ƙusa ya huda wa bel ɗinsa sabon rami, ba a jima ba ya sake huda wani. Akwai sikelin da ake auna buhunan fulawa a lungun sito. Da ya ga ba kowa sai ya lallaɓa ya hau, kuma duk hawan da zai yi allurar sikelin baya take ja.

Nan fa hankalinsa ya tashi. A lissafinsa, mai aikin ƙarfi in ya rame an san dalili, amma wanda ke zaune kan kujera yana zubewa, to akwai abin da ke cinsa ta ciki. Haka yayansa ya fara, rama babu ciwo, har ranar da Damtse ya goya shi zuwa asibiti ya ji bayansa kamar ba kowa a kai. Yayan bai dawo gida ba. Tun daga lokacin ko ƙofar asibiti ba ya son bi, wai shi a ganinsa cutar da likita bai ambata ba ba ta tabbata ba. Mutumin da ke ɗaga buhu da hannu ɗaya, ga shi tsoro ya mai da shi abin tausayi.

Dabarar da ya ga ta fi ita ce sa riga biyu don ɓoye ramar. Riga biyu a gidan burodi, kusa da tanda! Ya manta wadda ke wanke rigunan tana da ido.

Matar ta lura, kuma ita ma ta san yadda yayan ya tafi. Sai ta shiga tattalinsa. Ɗakinsu a saman bene yake, famfo kuma a ƙasa, kuma shi ke hawo da ruwa kullum kafin ya fita. Ta ƙwace bokitan.

"Baban yara, zauna don Allah, ni zan ɗebo."

Kekensa ma ta ba ƙanenta aro, ta ce ya riƙa shiga mota. Da a da ne da an sha rigima, amma yanzu sai ya bi, yana ganin ɗan ƙarfin da ya rage gara a adana shi. Yana ƙara hutawa yana ƙara zubewa. Abincin da take zuba masa rabi ke dawowa, ta tsaya a kicin tana kallon kwanon, idonta ya cika.

Mai gidan burodin ne ya fasa ƙwan. Ya ja shi gefe, yana sosa ƙeya.

"Damtse, ba don na ƙi ka ba, amma mutane sun fara magana. Abinci muke sayarwa. Je a duba ka, kafin nan ka ɗan zauna a gida."

Ba yadda ya iya. Aka ɗebi jini, aka karɓi fitsari, aka ɗauki hoton ƙirji, aka ce ya dawo. Kwanakin jiran nan bai san ɗanɗanon komai ba. In ya kalli ƙaramar 'yarsa tana wasa sai ya kau da kai.

Likitar ta daɗe tana duba sakamakon kafin ta ɗago.

"Ban ga wata cuta ba. Wane aiki kake yi?"

Ya gaya mata, na da da na yanzu.

"A gida fa? Kana ɗan motsa jiki?"

"Uwargida ta hana."

Ta yi murmushi, ta ce ya naɗe hannun riga. Sai da ya naɗe biyu. Ta kama damtsen ta matsa, fatar ta yi laushi kamar ƙullun da ya sha ruwa.

"Malam, nauyin da ka rasa yawancinsa tsoka ce. Aiki ne ya tara maka ita, jiki kuma ba ya ciyar da naman da ba a mora. Ka daina kwaɓi, ya fara janye kayansa. Yunwar ma aikin ke kawo ta, ya tafi ta bi shi, ga fargaba ta zo ta ƙarasa. Ka kyauta da ka zo, rama ba dalili ba abin wasa ba ce. Ka koma motsi a hankali, ka ci, sannan ka dawo in sake auna ka."

"Likita, ba irin ta yayana ba ce?"

"Ban ga alamarta ba."

Ya fito daga asibitin. A ƙasa ya taka har gida.

Ya tarar da matar a bakin famfo, ta cika bokitai biyu. Tana ganinsa ta miƙe, hannunta na murza bakin zane.

"Ta ce ba mutuwa zan yi ba," in ji shi. "Wai hutu ne ke cina."

"Hutu?"

"Na inji da naki."

Ta buɗe baki za ta yi dariya, kuka ya riga fitowa. Ya bar ta ta yi mai isarta, sannan ya ce ta hau sama ta jira shi. Ya sunkuya ya ɗauki bokitan.

A tsakiyar bene hannuwansa suka fara karkarwa, ruwa na fallatsa masa a ƙafa. Dole ya ajiye, ya jingina da bango yana haki. Ya ɗaga kai ya gan ta a sama, ta riƙe ƙarfen bene da hannu biyu, ƙafarta ɗaya har ta sauka kan matakala. Suka kalli juna. A hankali ta janye ƙafar.

"Taho," ta ce. "Ina jira."