Ƙwarangwal ɗin da na bayar ajiya

'Yata ta fari ba mai magana ba ce. Tun tana ƙarama a Manchester takan wuni ba ta ce uffan ba. Likitanmu na GP ya duba, malaman makaranta suka duba, suka ba abin wani suna da Turanci. Ni dai na ce haka Allah ya yi ta.

Abin da ya buɗe mata baki wani ɗan ƙwarangwal ne na roba, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba. Ƙarshen Oktoba Turawa kan yi bikinsu na kabewa da dodanni, washegari shaguna su karya farashin abin da ya yi kwantai. Muna wucewa ta gan shi a kwando, ta ɗauka, ta ƙi saki. Na ce, "A'uzubillahi, ajiye." Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Umma, he's cold." Wai sanyi yake ji. Rabon da in ji ta haɗa zance haka har na manta. Na saya, muka koma gida na yanki ƙyallen atamfa na ɗinka masa 'yar riga.

Daga nan aka fara. Kowace shekara sai mun bi shagunan bayan bikin, mu leƙa na gwanjo, mu je kasuwar Lahadi inda mutane ke baje kaya a bayan mota. Ta samu mai kaɗa jita, ta samu na kare, ta samu wani mai haske a duhu. Akwai wata da ta ɗaura wa ɗankwali, ta ce wannan 'yar Kumasi ce, ta zo ganin gida. Ni duk ɗaya nake ganinsu, haƙora a waje. Ita kuwa da fuska ta san kowanne. Wannan dariya yake yi, wancan ya yi fushi don an sa shi a baya. In tana son gaya mini abin da ya faru a makaranta, sai ta ɗauko ɗaya ta ce shi aka yi wa. Haka na san ranar da aka ture ta a layin abinci.

Ba zan ce raina bai taɓa sosuwa ba. In zan yi salla a ɗakin nakan yafa musu zane. Babanta ya ce roba ce, a bar yarinya, na bar ta.

Da ya samu aiki a Birmingham, ɗaki ɗaya muka samu a Sparkbrook, saman wani shago, kafin council, hukumar gari, su ba mu flat. Mu da yara da katifu, ko akwatin tufafi da ƙyar. Akwatin ƙwarangwal ɗin yarinyar ba shi da wuri, sai na tuna da aminiyata da ke Manchester. Zango ɗaya muka fito a Kumasi, ta girme ni, Yaya nake ce mata. Ita ta yi mini wankan jego a ƙasar da ba ni da uwa, ita ta ja hannuna zuwa makarantar manya inda na koyi riƙe biro. Na gaya mata abin da ke cikin akwatin, ban ɓoye ba.

"Haba ƙanwata, har sai kin tambaya? Kawo. Ɗakin sama ba kowa."

Yarinyar ta naɗe kowanne a cikin safa, ta jera, ta rufe. A ƙofar gidan Yaya ta rungume akwatin ta ƙi saki. Na durƙusa na ce mata, "Antinki tamkar ni ce. Abin da ke hannunta yana hannuna." Ta daɗe tana kallona, sannan ta miƙa.

Duk Juma'a nakan kira Yaya mu gaisa, yarinyar na tsaye a gefe tana jiran a ba ta waya.

"Anti, are they okay?"

"Lafiyarsu lau, 'yata. Har ƙiba sun yi, sai kin zo kin gani."

Sai ta ƙyalƙyale da dariya, ta maimaita wa ƙannenta. Wannan dariyar ce ta riƙe ta a watannin nan, sabuwar makaranta, sabon gari, yaran ajinsu na kwaikwayon harshenta na Manchester.

Da bazara muka samu flat a Erdington, nan cikin Birmingham. Yarinyar ta share kan taga inda za ta jera su, ta goge, ta hana kowa ajiye ko kofi a wurin. Sai ga sunan jikar Yaya ya zo, muka hau bas zuwa Manchester ni da yarinyar.

Gidan cike da mata, ƙanshin wake da shinkafa da soyayyen kifi har waje. Muna shiga wata da ban sani ba ta ce, "Au, ita ce mai ƙasusuwan?" Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Yarinyar ba ta zauna ba, ta ce, "Anti, akwatina."

"Ci abinci tukuna, uwar gaggawa."

Ta ƙi. Yaya ta hau sama ta sauko da shi, ta dire a tsakar falo. Yarinyar ta durƙusa ta zaro safa ta farko. Mai rigar atamfa ne, rigarsa na nan, hannuwa na nan, babu kai. Ta zaro na biyu, babu kai. An yanke wuyan sumul, kamar da almakashin kaza. Ba ta yi kuka ba. Ta ci gaba da zarowa tana jerawa a kan kafet, har karen, har 'yar Kumasi da ɗankwalinta a ninke a gefe.

Na bi Yaya kicin.

"Yaya, me ya samu kayan nan?"

"Me ya same su kuwa? Duba mana, ko ɗaya bai ɓata ba. Kawunan kawai na cire."

"Kawunan."

"To so kike mala'iku su ƙaurace wa gidana? Gida da mutum-mutumi? An ce in aka cire kai shi ke nan, ya zama kamar itace. Ni ba na cin amana, shi ya sa ban zubar ba."

"Ina kawunan suke?"

"Motar shara ta tafi da su tun makon da kuka tashi."

"Da kin gaya mini, Yaya, ai da na zo na ɗauka."

"Ki kai ina, ɗaki ɗaya? Ke ma da sakaci. Yarinya ba ta magana da mutane, kin bar ta tana hira da matattu. Wata rana za ki gode mini. Ungo, kai wa baƙi zoɓo."

Na karɓi tiren na ajiye a kan tebur. Ban iya faɗa ba, ban taɓa iyawa ba. Na koma falo na taya 'yata mayar da su cikin safa, muka fita tun ba a raba naman suna ba.

Gidanta ne. Da ta ce mini, ƙanwata, ban iya kwana da waɗannan ba, wallahi da ban ga laifinta ba, ni ma mai yafa musu zane ce. Amma ta miƙa hannu biyu ta karɓa. Kuma duk Juma'ar nan da take cewa sun yi ƙiba, tana jin dariyar yarinyar a kunnenta, ta san abin da ke ɗakin sama.

A bas akwatin na kan cinyarta. Ta yi mini magana da Hausa, abin da ba ta cika yi ba.

"Umma, kin sani?"

"Wallahi ban sani ba."

"Ke kika ce ita ke ce."



Yaya na turo saƙon murya har yanzu, wai na yi fushi a kan roba. Gaisuwar nake amsawa, sauran in bar shi. Yarinyar kuwa da muka dawo babanta ta tambaya, ba ni ba, ya sayo mata kwaɗo. Ta sa akwatin a kabad ɗinta ta kulle, ta rataya makullin a wuya, har wanka da shi take shiga. Ran Asabar in zan share ɗakinta sai ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, hannunta a kan makullin, har in gama in fito.