Mai Disket Biyu

A wani shagon buga takardu a unguwar New Bell nake ganinsa, shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa. Dogo ne mai furfura, kwat ɗinsa ta koɗe a kafaɗa. Ina jin yana cikin ma'aikatan ofis da aka sallama.

Allon sanarwa yake gudanarwa a kwamfuta: ka kira ta layin tarho, ka bar saƙo, wani ya karanta. Yana son rubuta wa kwamfutar umarnin da zai riƙa jera farashin albasar kasuwar Sandaga, amma sai ya zaɓi ma'adanar bayanan da umarnin zai dogara da ita. Disket biyu ne a hannunsa, wato faifan kwamfuta, kowace da tata ma'adanar, yana jujjuya su kamar mai sayen goro.

"Wannan mara nauyi ce, ta mutum hamsin," yake gaya wa mai shagon. "Wannan kuwa tana ɗaukar dubu."

"Su nawa ke kira, Malam Haliru?" in ji mai shagon.

Ya goge tabarau. "Huɗu. Biyu an yanke musu layi."

 Sannan ya zura ta dubun a kwamfutar, ya gyara zama, yana kallon tarhon da tun safe bai yi ƙara ba.