Kuregen Tsamiyar Bayan Gidanmu

Abubuwa da yawa na ƙuruciya sun shafe mini, amma ranar da na ga kurege ya tashi sama ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano ce, ina 'yar firamare a Fammar. Da damina aka yi wata iska da ta karya babban reshen tsamiyar bayan gidanmu. Na je tsintar ƙirare sai na ji wani ɗan kuka a cikin kogon reshen. 'Ya'yan kurege ne guda biyu, ba irin na ƙasa mai tonon gyaɗa ba, na bisa ne, masu dogon bindi. Uwarsu ba ta nan. Na naɗo su a hijabina na kai wa kakata, ta riƙa ɗiga musu madarar akuya da auduga. Ɗan ƙirjinsu na bugawa a tafin hannuna kamar zai fashe.

Damuwarmu ita ce kyanwar gida, wadda ta kasa ta tsare. A kwanakin ƙanin mahaifiyata, kafinta ne a Rano, ya zo yi wa ɗakin Kaka rufin kwano. Ya ce kafin la'asar zai yi musu masauki. Ya kuwa ƙera wani ɗan akwati da ragowar katakon rufi, da ƙofa kamar faɗin ƙwai, har da 'yar rumfa. Baƙi wuluk, sai sheƙi yake, domin Kawu ya riga ya shafe katakon da baƙin mai haɗe da maganin gara. Haka duk kafintan kirki yake yi a wajenmu, don gararmu ko ƙotar fartanya ba ta bari.

"Kin ga gida?" in ji shi. "Ni kaina hayar da nake a Rano ba ta kai wannan ba."

Ni a lokacin ko a aji malam ya kira sunana sai muryata ta maƙale. Kallo ne aikina. Na tsuguna gefen akwatin, sai na lura da jerin kiyashi da ya taso daga wajen turmi. Suna isowa gindin akwatin sai su karkace, su yi masa zobe su wuce. Wani cinnaka da ya yi gangancin hawa na kwance a kan rumfar, ƙafafu sama. Na dubi bakin hijabina, wanda 'yan kuregen suka riga suka yi wa huji. Komai suka samu sai sun gwaguya.

"Ƙawata, me kike tsinta a ƙasa kamar kaza?" Kaka ta tambaya.

Na ci gaba da kallon kiyashin. Sai da na ga Kawu ya ɗauki ƙaramin ya nufi ƙofar akwatin da shi, sannan maganar ta kuɓuce mini.

"Kawu, kiyashi ba sa hawa."

"Ai abin da ake so ke nan, 'yar nan."

"'Yan kuregen kuma ci suke yi." Na miƙa masa bakin hijabin.

Ya dubi hujin, ya shinshina akwatin. Can ya ce, "Innalillahi! Na yi wa baƙi ɗaki da guba." Kaka ta ce, "To, ashe kurmar tamu tana magana."

Ya fara lissafin itace: maɗaci ɗaci, dalbejiya ɗaci, falankin kasuwa kuwa ba a san abin da aka shafa masa ba. Kaka ta nuna reshen da ya karye da bakin muciya. "Wanda aka haife su a ciki fa, ya yi maka laifi?" Sai ya yanko kogon da zarto, ya toshe inda ya yanke da guntun tsamiyar, ba fenti ba mai. Muka mayar da su ciki tare da tsohuwar sheƙarsu, ya hau tsamiyar ya ɗaure shi a inda kyanwa ba ta isa ba.

Bayan la'asar na zauna a gindin bishiyar ina gadi. 'Yan kuregen suka fara kuka. Sai ga amsa daga kan kanyar maƙwabta, can nesa, tazarar da na tabbata sai tsuntsu. Uwar ce. Ta zo ƙarshen wani siririn reshe, ta yi lilo, ta saki. Ta buɗe hannuwa da ƙafafu, bindin ya baje, rana ta haske gashinta ya koma ja. Na rantse a idona ta daɗe a sararin nan, babu abin da ke riƙe da ita sai Wanda ya halicce ta. Ta sauka a tsamiya, ganye ya girgiza, ta shinshina kogon ta shige. Kukan ya tsaya cak. Na ji Kawu a bayana yana cewa "Subhanallah" a hankali, guduma a hannunsa.

Kureguna sun yi ta hayayyafa a kogon nan har na yi aure. Ni kuwa abin da na koya shi ne, idanun da Allah ya ba mai shiru amana ne. In ka ga abin da kowa bai gani ba, ka faɗa, ko da muryarka na rawa.