Yadda Inna Ta Sa Likita Ya Zazzage Kwandonsa

Shekarun baya, sai da goshina ya shekara uku bai taɓa ƙasa ba. A kan kujerar roba nake salla, wata fara mai hannu da maigidana ya sayo mini bayan ta farko ta tsage, kuma ko unguwa za ni da ita nake tafiya a bayan mota. Ƙiba ta cinye mini gwiwoyi, ciwon suga ya shigo, hawan jini ya biyo shi kamar an raba masa goron gayyata. Ni malamar firamare ce a nan Haɗeja, har ta kai a zaune nake koyarwa, in zan yi rubutu a allo sai na dafa tebur na yi bismilla sau biyu kafin in miƙe.

Ba wai ban yi ƙoƙari ba. Na sha shayin rage ƙiba iri-iri, na sha ruwan lemon tsami da sassafe har haƙorana suka fara ƙorafi, na riƙe azumin Litinin da Alhamis wanda Allah ya sani rabin niyyar ta sikeli ce. Wata damina ruwa ya shanye hanya, za mu gaisuwar rasuwa wani ƙauye gaba da Guri, dole sai a kwale-kwale. Mai jirgin ya dube ni, ya dubi jirginsa, ya ce, "Hajiya, ki zauna tsakiya. Don Allah ko atishawa ta zo ki riƙe ta sai mun haye." Kowa ya yi dariya, ni ma na taya su, amma da muka dawo gida na shiga ɗaki na yi kukana.

Likitan da ke duba mini suga a Kano shi ya fara faɗa mini gaskiya ba kwana-kwana. Ya ce in aka ci gaba a haka, ƙoda ce za ta biyo baya, sannan ido. Ya ce akwai tiyatar da ake rage wa mutum tumbi, tana taimakon masu irin larurata, kuma mutane da yawa waje suke fita a yi musu. Ya ƙara da cewa in zan yi, in dawo mu zauna a zaɓi likita a tsanake. Rabin maganar na farko na ɗauka, na bar masa rabi na biyun a ofis.

A wani zauren mata na waya na samu lambar wani dillali, ɗan Arewa ne da ya je karatu Masar ya zauna. Bakinsa kamar an shafa zuma. Daga "Hajiyata" sai "yayata", kowace magana da in sha Allahu a ƙarshenta. Ya turo mini hotunan mata birjik, ga mace kamar ni a hagu, ga ta a dama ta koma kamar 'yar sakandare. Biza, masauki, tarba a filin jirgi, duk ya ce a bar masa. Kwana biyu da sauka an yi aiki, kwana biyar ina gida. Da na tambayi wane ne likitan, ya ce babban farfesa ne, ban sake tambaya ba.

Kuskurena ke nan, kuma irin namu ne. Mutum namu ne, Hausa yake yi, ya kira ni yayarsa, yana ta ɗawainiya da ni, to da wane ido zan ce ya kawo mini shaida? A wurinmu ai kamar ka ƙaryata mutum ne. Shi ma maigidana haka ya gani, ya ce yaron da alama ɗan mutunci ne. Muka sa rana, na tafi Guri in sanar da mahaifiyata ta sa mini albarka.

Inna tun kafin a haife ni take sana'ar bandar kifi. Ba ta yi boko ba, waya ma in ta yi ƙara miƙo ta take yi a danna mata. Na same ta da hantsi a tsakar gida tana tsince kifi a tabarma, na zauna a kujerata na kora mata bayani, na buɗe mata hotunan. Ta goge hannu da gefen zani, ta duba su ɗaya bayan ɗaya ba gaggawa, sannan ta miƙo mini wayar.

"Na ga na sama," ta ce. "Ina na ƙasan?"

Duk wanda ya taɓa sayen banda a kasuwar kifi ta Haɗeja ya san abin da take nufi. Manyan tarwaɗa masu sheƙi a saman kwando ake jera su, karyayye da wanda ƙwaro ya fara ci suna can ƙasa. Inna ba ta taɓa sayen kwando ba sai an zazzage mata shi a tabarma. In mai kaya ya ƙi, ko ɗan ɗakinsu ne, takan ce masa Allah ya ba da kasuwa, ta yi gaba. Na taso ina jin tana cewa babu kwandon da ba karyayye a ciki, wanda ya ce nasa babu, bai bari an duba ba ne.

Na ce, "Haba Inna, maganar likita fa ake yi, ba ta 'yan kasuwar kifi ba."

Ba ta ɗago ba, ta ci gaba da tsintarta. Ta ce, "Kifi in ya lalace kaji ake watsa wa, a sayo wani. Ke wa zai sayo mini wata?"

Ni ce 'yar farinta. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa yaba ni a gaban mutane ba, sai dai "ke 'yar nan". Ban taɓa jin magana irin wannan daga bakinta ba, shi ya sa da ta ce in kira mata dillalin, ban yi musu ba. Na kira shi na buɗe muryar yadda za ta ji. Ya gaishe ta har da "Allah ya ƙara girma, Mama", ta amsa masa da fara'a.

"Ɗan nan, cikin waɗanda kuka yi wa aikin nan, ba ni labarin wadda bai yi wa daɗi ba."

Ya yi 'yar dariya. "Ai Mama a wurinmu ko ɗaya babu."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya, da yardar Allah."

"To mai yankan, yaya sunansa?"

"In ta sauka za ta gan shi da idonta, Mama. Ki kwantar da hankalinki."

"Madalla," in ji Inna. "Allah ya ba da kasuwa."

Na dawo Haɗeja a fusace. Na yi mako biyu ina gaya wa maigidana cewa tsohuwa ta kunyata ni a gaban mutumin da bai yi mini komai ba sai alheri. Amma tambayarta ta ƙi barina. Ko a aji na zauna sai in ji ta, ni da nake hana yara kwafar amsar da ba su san inda ta fito ba, ga ni zan miƙa cikina ga wanda ko sunansa ban sani ba. Daga ƙarshe na tattara kunyata na koma wa likitana na Kano, na faɗa masa duk yadda aka yi.

Bai yi mini faɗa ba, sai dai ya ce Inna ta fi wasu masu digiri. Shi ya nuna mini abin da ake dubawa: cikakken sunan likita, ko yana da rajista da hukumar likitocin ƙasarsu, ko wannan aikin ne sana'arsa ta kullum, ko asibitin yana da ɗakin kula da wanda jikinsa ya rikice. Ya tuntuɓi abokan aikinsa, aka samo wani likita a can Masar ɗin, aka sa mana ranar ganawa ta bidiyo tare da tafinta. Na aika mota Guri aka ɗauko Inna, ta zo da sabon mayafi kamar za ta ɗaurin aure.

Likitan nan bai burge ni da farko ba. Wani dattijo ne mai sanƙo, ba fara'a sosai, kuma bai nuna mini hoton kowa ba. Ya duba sakamakon gwaje-gwajena ya ce sugana ya yi sama da yawa, ba zai taɓa ni ba sai ya sauka. Ya ce in na zo sai na zauna mako uku bayan aiki. Ya tambayi wa zai ci gaba da duba ni in na koma gida, ya ce yana son magana da shi. Ya ce akwai ƙwayoyin ƙarin sinadarai da zan riƙa sha har ƙarshen rayuwata. Ni da aka yi wa alƙawarin kwana biyar, sai na ji duk ya tsawaita mini tafiya.

Inna ta zungure ni in yi tambayar, kunya ta hana ni. Sai ta matso da fuskarta har ta cika allon wayar, ta ce wa tafintan, "Gaya masa uwarta ce ke tambaya. A cikin waɗanda ya yanka, su wa suka sha wahala?"

Tafintan ya fassara. Likitan ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce akwai waɗanda suka zubar da jini, akwai waɗanda ɗinkinsu ya yi yoyo aka mayar da su ɗakin tiyata, akwai waɗanda ƙibar ta dawo musu don sun koma cin da suka saba. Sannan ya ce ya taɓa rasa mutum ɗaya, wanda jini ya daskare masa a jijiya bayan ya yi gaggawar hawa jirgi, kuma tun daga ranar ba ya sallamar kowa da wuri, ko da za a ji haushinsa.

A raina na ce shi ke nan, yanzu Inna za ta yi masa addu'ar kasuwa. Sai na ji ta ce, "Ko zai haɗa mu da ɗaya daga cikin waɗanda suka wahalan?" Ya ce sai ya nemi izininsu tukuna, don ba ya ba da lambar majinyaci haka kawai.

Bayan mako guda wata mata ta kira ni daga Damagaram. Ita ce ɗinkinta ya yi yoyo. Ta ce kwana uku da aiki zazzaɓi ya rufe ta, da yake tana kusa nan da nan likitan ya gano, ya mayar da ita ya gyara. Ta yi makonni a kwance, kullum da safe shi ne farkon wanda take gani, kuma har lokacin da muke magana yana aiko mata ta yi gwajin jini ta tura masa. Ba ta ɓoye mini komai ba, ta ce ta sha wuya har ta yi wasiyya. Inna ta karɓi wayar ta ce, "Yanzu da za a sake, za ki koma masa?" Matar ta ce, "Inna, ƙanwata ma shi na kai wa."

Da aka kashe wayar Inna ta gyara mayafinta ta ce, "Wannan ya zazzage kwandonsa. Je ki, Allah ya tsare."

Wata huɗu na yi ina fama da suga kafin likitan ya yarda ya sa rana. Muka tafi da maigidana, aka yi aiki lafiya, na cika mako ukuna cif. Kada wani ya ce muku abu ne mai sauƙi. Na yi makonni daga romo sai kunu, cokali-cokali kamar jaririya. Gashina ya zube ya sake fitowa, azumin shekarar farko ban yi shi ba sai daga baya na rama, kuma har yau tuwon da nake ci bai kai wanda nake zuba wa autata ba. Sugan ya lafa, maganin hawan jini ya ragu, likitana na Kano na duba ni yana aika wa na can bayani.

Ba cewa nake kowa ya je a yanka shi ba, wannan tsakanin mutum ne da likitansa. Shi ma dillalin ban san ƙarshen labarinsa ba, wataƙila farfesan nasa gwani ne. Abin da na sani shi ne saura kaɗan kunya ta sa in kwanta a gaban wuƙar wanda ban san sunansa ba. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Yanzu duk wadda ta tambaye ni nakan ce mata ta nemi sunan likita, ta tambaye shi wa ya sha wahala a hannunsa da abin da ya yi masa, in ya ce babu ko ɗaya ta yi masa addu'ar kasuwa.

Wajen wata takwas da aikin na je Guri, kujerata a bayan mota kamar kullum. Aka kira la'asar, na shimfiɗa sallaya a tsakar gidan Inna, na ajiye kujerar a bayana. Da na zo sujada sai na ji gwiwoyina sun lanƙwasa ba gardama, na bi su. Goshina ya taɓa ƙasa, ƙamshin hayaƙin banda ya cika mini hanci, na daɗe a wurin ina kuka har na manta tasbihi nawa na yi.

Da na sallame na tarar Inna na zaune tana tsintar kifinta kamar ba ta ga komai ba, sai dai ta juya mini baya tana goge ido da bakin mayafi, wai hayaƙi ne. Da zan tafi na sunkuya zan ɗauki kujerar, ta ce, "Ke 'yar nan, bar mini ita." Tana can Guri har yau, a kanta Inna ke ɗora kwandon kifi saboda kaji.