Makirfo a Bakin Salansa

Ba a daɗe da binne Irmtraud ba 'yarta Kerstin ta zo gida, ta tarar da mahaifinta, Ewald Mannebach, a gareji yana goge motar da ko ƙura babu a jikinta. Ta tsaya a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa, ko zama ba ta yi ba.

"Baba, maganar addu'ar sati shida ce. In an fito daga coci za a sha kofi a zauren ƙauye. So nake mutane su ji muryar Mama."

"Hotuna ba su isa ba?"

"Waɗanne hotuna? Duk ta kare fuska da hannu. Murya nake so. Shekaranjiya na so in tuna yadda take kiran sunana, na rantse ya ƙi zuwa. Kai da ka cika mana gida da kaset, samo mana ko minti ɗaya ne tana magana."

Ewald ya yi dariya, ta farko tun ranar jana'iza.

"Minti ɗaya? Haba yarinya. Uwarki ta fi shekara ashirin tana zaune a gefena cikin motar nan, kyamara na kunne. Sai dai ki ce ya isa haka."

Da gaske ya faɗa, har cikin ransa.

An haifi Ewald a ɗaya daga ƙauyukan da ke jingine da Ring, titin tseren nan da ya nannaɗe dazukanmu na Eifel. A nan ko shanu ba sa ɗaga kai in mota ta yi kuka. Babansa makiyayi ne, mutumin da bai taɓa ganin amfanin gudu ba, kuma ya mutu bai gani ba. Shi Ewald da ya girma sai ya zama direban tankar madara. Daga Litinin zuwa Asabar yana bin gonaki a hankali, yana lallaɓa kwana, don tanka mai ruwa ba ta son garaje, ga ƙananan motoci a bayansa suna ta masa hon. Duk haushin da ya haɗiya a satin, ran Lahadi da yamma yake kai shi Ring, lokacin da ake buɗe wa kowa ƙofa ya sayi tikiti ya shiga da motarsa.

Motar tsohuwar Porsche ce mai ruwan lemo, kujera biyu. Shekarar da ya saye ta, shekarar da za a sake rufin gida ce, sai rufin ya ci gaba da yoyo. Bai taɓa cin kofi ba, bai taɓa shiga gasa ba, babu jaridar da ta san sunansa. Irinsu suna da yawa a wurinmu: masu gyaran famfo, malaman makaranta, masu sayar da taki, kowa ya zo ya zaga ya fito yana huci, ya buɗe bonet ya tsaya kamar ya dawo daga yaƙi. Abin da ya bambanta Ewald biyu ne. Na ɗaya, ba ya zagaye ko ɗaya sai da kyamara, tun zamanin manyan nan masu kaset har aka zo kan ƙananan da ake maƙalawa. Na biyu, matarsa. Sauran maza matansu na gida, ko suna zaune a wajen shan kofi suna kallon agogo. Ita Irmtraud, mai sayar da burodi a shagon ƙauye, macen da bakinta ba ya shiru daga safe har a rufe shago, sai ta cire rigar aiki ta shiga motar ta ja bel. Ewald kuwa ya riƙa hura hanci da ita.

"Tawa ai ta fi ni son abin," in ji shi. "Ko na ce ta zauna ba ta yarda."

Ranar da Kerstin ta tafi, ya sauko da akwatunan kaset daga saman kwaba, ya jona tsohuwar na'urar da talabijin, ya zauna da kofinsa. Kaset na farko da ya saka, ga titi, ga sitiyari, ga hannuwansa cikin safar fata, ga allurar gudu tana hawa. Hoto tsaf. Sauti kuwa ba a magana: injin yana kuka garau, kana jin kowane canjin giya, kana jin tartsatsin salansa in ya ɗaga ƙafa daga totur. Har ya fara gyaɗa kai don daɗi kafin ya tuna abin da ya zo nema. Ya cire ya saka wani. Ya sake saka wani. Duk haka.

Sai ya tuna.

Shekarar da ya fara ɗauka, ya kai kaset ɗinsa na farko mashayar da direbobi ke taruwa kusa da ƙofar shiga, aka saka a talabijin ɗin bango. Ana cikin kallo, daidai inda titin ke gangarawa mota ta yi kamar za ta tashi sama, sai ga muryar Irmtraud raɗau ta rufe injin: "Ewald, ka tuna mu biya wajen Marlies mu karɓo farantin kek ɗina." Ɗakin ya tuntsire da dariya. Wata guda ana kiransa Farantin Kek. Ya koma gida ransa a ɓace, ya yi abin da duk mai ɗaukar kirki a cikinmu yake yi: ya sayi doguwar waya, ya zura ta ƙarƙashin kafet har bayan mota, ya ɗaure makirfo a jikin bamba, dab da bakin salansa. Tun daga ranar ba a ƙara jin tari ko atishawa a fim ɗinsa ba. Har zuwa ake yi a tambaye shi yadda yake samun sauti mai tsabta haka, shi kuma ya kai mutum bayan mota ya durƙusa ya nuna masa.

Wancan kaset na farkon ya nema. Ya same shi, da rubutunsa a jiki. Ya saka. Wani zagaye ne daban, na wata shekara. A lokacin kaset na da tsada, wanda ya ba ka kunya shi ake fara ɗaukar wani abu a kansa.

Kwanaki ya yi yana bin sauran, kaset da faifai da abin da ke kwamfuta, duk da ya san abin da zai tarar. Kyamarar ma a tsakanin kujeru take, ya karkata ta wajensa don a ga hannunsa da allura. Abin da ya samu na matarsa bai wuce gefen gwiwa ba, sai wani lokaci bakin hannun riga ya leƙo ya koma da sauri. Ya san dalilin saurin. Shi ne yake ce mata ta janye hannu tana ɓata hoto. Baƙin ciki ya cika shi, ga shi babu wanda zai ɗora wa laifi. Kerstin ta bugo waya tana tambaya, ya ce yana kan zaɓa ne, sun yi yawa.

Da dabara ta ƙare masa, ya wanke ƙafa ya tafi Brünnchen, kwanar nan ta Ring da 'yan kallo ke tsayawa bayan shinge. Can Gisbert yake, tsohon ma'aikacin gidan waya, da kujerar naɗewa da kyamara a kan ƙafa uku. Gisbert bai taɓa zaga Ring ba. Aikinsa ya zauna ya jira wani ya kauce ya daki ƙarfen gefen titi, ya ɗauka ya saka a intanet. Ungulu direbobi ke kiransa, kuma Ewald ne ya fi kowa nanata sunan.

"A'a, wa nake gani haka? Ewald Madara da ƙafa! Ina amaryar taka mai ruwan lemo, ko ta yi yaji?" Sai ya tuna, ya cire hula. "Kai, bakina. Ya haƙuri?"

"Da godiya. Gisbert, wurinka na zo."

"Gisbert? Yau ba Ungulu? To lallai ciwo ya yi tsanani. Zauna."

Ewald bai zauna ba. Ya faɗi abin da ya kawo shi, idonsa na kan titi. Ya ce murya ta gagara, amma ko fuskarta ce a samu tana motsi, a nuna wa mutane.

"Kai ai ba ka da kasuwa a wurina," in ji Gisbert. "Shekara da shekaru ina jiranka a kwanar nan, ko ciyawa ka ƙi taɓawa. Mugun mutum. Amma ba na goge komai, kuma motarka ko makaho ya gane ta. Kujerar matarka ma ɓangaren shingena take. Ba ni kwana kaɗan."

Ya cika alkawari. Ya kawo faifan har gida, ya ƙi karɓar komai, ya ƙi shiga. A bakin ƙofa ya tsaya yana juya hula.

"Ewald, ka fara kalla kai kaɗai, ka ji ko?"

"Me ya sa? Ka ɗauko inda na yi kuskuren shan kwana ne, za ka yi min dariya?"

"Ni dai na faɗa maka."

Ewald ya ɗauka tsokana ce irin ta Ungulu. Murna ta hana shi tsayawa. Ya sa faifan a aljihu ya kama hanyar gidan Kerstin, ya same ta a kicin tana fere dankali, mijinta ya fita da yara.

"Murya dai ba mu dace ba," ya ce, ya yi saurin wucewa kafin ta tambayi dalili. "Amma zo ki ga uwarki a inda ta fi jin daɗi."

Ta goge hannu ta buɗe kwamfuta a kan teburin cin abinci. Gisbert ya yi aiki mai kyau. Ya jera wucewar motar ɗaya bayan ɗaya, daga tsofaffin shekaru zuwa na kusa, kuma duk sanda ta zo daidai shinge sai ya rage gudun hoton, ya jawo tagar kusa.

Ga Irmtraud nan, gashinta baƙi wuluk. Idanunta a rufe gam. Hannu biyu ta riƙe marikin ƙofa, ta manne kanta da kujera, jijiyar wuyanta ta fito. Bakinta na motsi da sauri.

"Wannan ranar ruwa aka yi," in ji Ewald. "Titi da santsi."

Na biyu rana ce tarwai. Idanu a rufe, hannu a ƙofa. Na uku haka. Gashin ya fara furfura, ta sa tabarau, ta rame bayan aikin da aka yi mata a asibiti, riguna suna sauyawa, fuskar ba ta sauya ba. A can gefe, ta bayan kanta, ana hango Ewald da ɗan murmushinsa, idonsa na kan kwana ta gaba. Ewald ya ja kujera ya zauna.

Kerstin ba ta yi mamaki ba, wannan ne ya fi ƙona masa rai. Hawaye kawai take yi, tana kallo.

"Kin sani?" ya ce.

"Wa bai sani ba, Baba? Duk Lahadi ba ta iya cin abincin rana. In kun dawo sai ta shige banɗaki ta kunna famfo don kada ka ji tana amai."

"To wa ya sa ta dole? Ni ban taɓa cewa sai ta zo ba! Ita take shiga da ƙafarta!"

"Na tambaye ta ina 'yar sakandare. Ta ce in tana ciki kana taka birki da wuri."

Ya san gaskiya ne. Duk zagayen da yake alfahari da saurinsu, na ranakun da take aiki ne ko ba ta da lafiya. Ya sha faɗa a mashaya cewa nauyinta ne ke rage masa gudu, har a yi dariya.

A kwamfutar motar ta sake shigowa kwana. Wannan na bara ne, da rigar sanyi mai ruwan toka da Kerstin ta saya mata. Bakin yana ta motsi.

"Me take cewa?" in ji Kerstin. "Addu'a take yi ko da kai take? Kai ne a kusa da ita. Me take cewa, Baba?"

Ya kalli leɓɓan. Ya san tana yawan magana a motar, ya san da wannan. Amma kunnensa kullum yana wajen inji, yana jiran lokacin canjin giya. Ya nemi kalma ɗaya tak a cikin kansa, daga duk shekarun nan, bai samu ba.

"Ban sani ba," ya ce.

Kerstin ta mayar da hoton baya, ta ƙure sautin har ƙarshe, ta kara kunnenta a jikin kwamfutar ko wani abu zai ɓullo. Kukan Porsche ya cika kicin ɗin, har cokulan da ke kan tebur suna rawa. Ewald na zaune, hawaye na bin gemunsa, yana kallon bakin matarsa yana buɗewa yana rufewa. Kuma ko a wannan lokacin, ba da sonsa ba, kunnensa ya gaya masa cewa ya ɗan makara wajen saka giya ta uku.