Takalmin da Na Sayo a Lolo

Gwiwata ta hagu ta lalace ne a Kaoje, a gonar shinkafar yayana. Ruwa ya taso a waccan damina, muka je kwashe abin da ya samu. Ina ɗauke da dami a ka, ƙafata ta zurma cikin wani rami da ruwa ya rufe. Jikina ya juya, ƙafar ta ƙi juyawa. Da kunnena na ji ƙarar.

Ni malamin wasanni ne a wata sakandare a Bagudo, kuma da gudu aka san ni. Kullum bayan asuba nakan fita har bayan gari in dawo kafin a buga ƙararrawa. Sai ga ni wata biyar ina dogara sanda. Na je wurin mai ɗori, na je asibiti a Birnin Kebbi, na sha magani har warinsa ya gundure ni. Daga baya likita ya ce in fara tafiya a hankali, in ta yi kyau in gwada sassarfa, amma in nemi takalmi mai taushin ƙasa.

Ranar kasuwar Lolo na hau kabu-kabu, domin can bakin iyakar Benin ake sauke gwanjon Kwatano. Kowane rami muka faɗa sai na ji shi cikin ƙashi. Da muka isa na daɗe tsaye riƙe da kafaɗar mai mashin kafin ƙafar ta yarda ta ɗauke ni.

Mai takalman wani dattijo ne mutumin Dandi, ya zube kambas tuli guda bisa buhu. Idona ya faɗa kan wani ja marar nauyi, irin na masu tsere. Na ɗauka ina jujjuyawa.

"Malam, wanga ba naka ba ne," in ji shi.

"Don mi, Baba?"

"Tun daga rumfar masu kifi nike kallon tahiyarka. Zamna."

Raina ya ɗan sosu, amma gajiya ta fi ƙarfin gardama. Na zauna kan benci. Ya karɓi silifas ɗina ya kifa su, ya nuna mini yadda na dama ya cinye ta gefe, na hagu kuwa kamar sabo. Ya ce duk nauyina a ƙafa ɗaya nake zubawa, in ban kula ba ita ma za ta kwanta.

Na gwada ya kai takwas. Kowanne sai in sunkuya, in ɗaure, in miƙe, in taka zuwa wurin mai rake in dawo. Wanda ya yi wa dama daidai ya matse hagu, don har lokacin tana kumbura in rana ta yi. Wanda ya yi wa hagu, dama tana yawo a ciki. Gumi ya jiƙa mini riga. Na ce masa na haƙura, gida zan tafi.

Ya tona can ƙasan tulin ya fito da wari biyu iri ɗaya, masu kaurin ƙasa, munana. Ɗaya toka-toka, ɗaya ya koɗe ya koma fari, kuma na hagun ya fi girma da lamba guda.

"Yara dariya za su yi min, Baba."

"Bari su yi. Taka mu gani."

Na taka. Ciwon yana nan, sai dai bai soke ni kamar ɗazu ba. Na saya ban ko ji daɗin sayen ba.

Kwana uku suna ƙarƙashin gado. A na huɗu matata ta fito da su ta ajiye bakin ƙofa, ta ce, "Malam, ko ka sa su, ko in ba mai gadi." Na sa. Na yi tafiya har famfon unguwa, daga nan na ɗan yi sassarfa zuwa bishiyar mangwaron da ke gaban makaranta, nisan da a da ko numfashina ba ya canzawa. Na zauna a gindinta ina haki, gwiwar tana zafi. Ɗalibai suna wucewa suna gaishe ni, wasu suna satar kallon ƙafafuna. Da ƙararrawa ta buga na dafa bishiyar na miƙe, na shiga aji da su a ƙafa.